Ƙasusuwan Waliyyi da Kabarin Mijin Yaya

Mun tashi da asuba, in dai wanda bai kwanta ba ana cewa ya tashi. Ni na sauko daga dutin yamma a asibiti na hau cusa kaya a jaka, Yaya kuwa ta kwana tana ninke rigunan sanyin da muka aro, ta warware, ta sake ninkewa. Da muka fito bakin titi a Al Sadd, unguwarmu a Doha, iska har ta yi ɗumi, irin ɗumin da ke gaya maka abin da rana ke shiryawa. Direban tasi ya dubi manyan rigunan da ke hannunmu, ya dube mu, ya ce "yalla", wato mu tafi. Ku da kuka dame ni da saƙo kuna tambayar labarin Ingila, to ga shi. Amma ku sani a gajiye na tafi, a gajiye na dawo.

Bari in fara gaya muku wace ce Yaya, domin tafiyar tata ce, ni 'yar rakiya ce. Ba uwarmu ɗaya ba. Ma'aikaciyar jinya ce kamar ni, 'yar Jos, ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma ɗaki ɗaya muke kwana tun da mijinta ya rasu. A nan Doha ya rasu lokacin korona, sa'ad da babu jirgin da zai kai gawa gida, aka binne shi a maƙabartar da ke can yamma, hanyar Dukhan. Tun daga nan kowace Juma'a, ranar hutu da zuwa coci a nan, in an tashi can take nufa. Yanzu kwantiraginta ya zo ƙarshe, asibiti sun ce ko ta sabunta kafin ƙarshen wata ko ta tattara ta tafi. Gwiwoyinta sun gaji, hawan jini ya kama ta, ga babbar 'yarta da cikin fari a Jos. Yarinyar ta kira ni tana kuka. "Anti, don Allah ki dawo mana da Mama. Ke kaɗai take jin maganarki." Ita kuwa Yaya amsarta guda ce ga kowa: "In tafi in bar shi da wa?"

Shi ne na ƙulla dabara. Ina da 'yar kawu da ke aikin kula da tsofaffi a Newcastle, ta daɗe tana cewa in zo. Na ce bari in ja Yaya mu je, ta yi nesa da kabarin nan ko na 'yan kwanaki ne, ko na sami bakin yi mata magana. Wahalar biza ba zan ba ku labarinta ba, kada in ɓata muku rai.

Jirgi ya sauke mu a Edinburgh da rana, amma ranar ta suna ce kawai. Yaya da ke cika bakin ita 'yar Jos ce, sanyi ba ya yi mata komai, ita ce ta fara laluben safar hannu tun kafin mu fita daga filin jirgi. Daga nan muka hau jirgin ƙasa muka yi kudu, teku a hagunmu, ciyawa kore shar a damanmu, ga tumaki ƙosassu ko'ina, ba makiyayi kuma ba mai sata. Na sayo mana shayi kofi biyu, da na mayar da kuɗin riyal a kaina sai ya tsaya mini a maƙogwaro. Zai ishe mu karak, shayin madarar Doha, na mako guda a unguwar Bin Omran, kuma karak ya fi shi daɗi. Yaya ba ta ko kurɓa ba, ta riƙe kofin ne don ɗuma hannu.

'Yar kawuna ta tarbe mu da murna da idanu jajaye na rashin barci. Ɗakinta bai kai namu na Doha ba, ashe ko'ina ɗan ci-rani yake, gadonsa ƙarami ne. Ta yi mana tuwon semo da miyar busasshiyar kuɓewa, muka ci muka kwanta kamar an jefar da mu. Da safe ta ce ta aro mota. Ita ma ba ta taɓa zuwa ko'ina ba, daga aiki sai gado, amma wata tsohuwa da take wa hidima kullum sai ta yi mata zancen wani tsibiri mai tsarki a arewa, sunansa Lindisfarne. Na ce mu je, a raina ina hango iskar teku da hotuna da kifi. Ban tambayi me ya sa yake da tsarki ba, kuma da na tambaya da na ce mu je kasuwa.

Mun fara tsayawa a Bamburgh, inda wani ƙaton gidan sarauta ya hau kan dutse yana kallon teku. A can muka haɗu da wani dattijo cikin masu yi wa baƙi bayani, irin mutanen da in suka kama labari ba sa kula ko kana rawar ɗari. Ya ce a nan wani sarki Oswald ya zauna, tun zamanin da ƙasar ba ta zama Ingila ba, kowane yanki da sarkinsa, kowane sarki da wanda ke neman kansa. Yana yaro aka kore su, ya girma a gudun hijira wajen mutanen yamma masu yaren Ailan, can ya karɓi addinin Kirista. Da ya ƙwato sarautar gidansu sai ya aika a turo masa mai wa'azi, aka turo wani Aidan. Shi Aidan bai iya yaren garin ba, don haka yana wa'azi sarki da kansa yana fassarawa. Wannan ya burge ni, ni da nake wuni tsakanin likita da majinyaci ina tafinta ba ko na gode.

Da a nan labarin ya tsaya da lafiya lau. Dattijon ya ci gaba, ya ce wata ranar Ista an kawo wa sarki abinci a farantin azurfa sai aka ce ga mabarata a ƙofa, ya aika musu da abincin, ya ce a farfasa farantin ma a raba musu. Aidan ya kama hannunsa na dama ya yi addu'a kada hannun nan ya taɓa ruɓewa. Daga baya aka kashe sarkin a yaƙi, aka datse kansa da hannuwansa. Wai hannun nan aka kawo shi Bamburgh, ya daɗe bai ruɓe ba. Kan aka kai tsibirin da za mu, gangar jikin kuma wani gari dabam. Na raɗa wa 'yar kawuna cewa wannan ai watandar sarki aka yi. Ta toshe baki tana dariya. Da na waiga sai na ga Yaya ta matsa kusa da dattijon tana saurare da dukkan jikinta. Na ɗauko ta daga kabari ɗaya, na kawo ta ƙasar da ƙashin matattu ne abin nuna wa baƙo. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Hanyar shiga tsibirin kwalta ce da aka shimfiɗa a kan yashin teku. Dama da hagu yashi ne jiƙaƙƙe iya ganinka, da wasu dogayen sanduna a jere da ke nuna wa masu zuwa ziyara da ƙafa inda za su bi. A tsakiyar hanya akwai wani ɗan ɗaki fari a kan dogayen ƙafafu, kamar rumbu, wai don wanda ruwa ya rutsa da shi ya hau. A bakin hanyar kuma ga allo da lokutan da ruwa ke rufe ta. Mun gani, mun karanta, har hoto 'yar kawuna ta ɗauka.

Tsibirin ƙauye ne ƙarami, gidajen dutse, da kangon tsohon gidan ibada da iska ke ratsawa ta kowace kafa. Ana sayar da wata giyar zuma da suke alfahari da ita, muka ce a kai kasuwa. A cocin ƙauyen muka tarar da wani sassaƙen itace, mutane shida sun saɓa akwatin gawa a kafaɗa, tsayinsu ya fi namu. Wata mata mai jera furanni ta ce akwatin Cuthbert ne, babban waliyyinsu. Shi ne wanda ake cewa yakan shiga tekun nan mai sanyin ƙanƙara ya tsaya yana addu'a, in ya fito wasu ƙananan dabbobin ruwa masu gashi su zo su goge masa ƙafafu. Ni da ko yatsa ban yarda na tsoma ba, na ce lallai ya cancanci waliyyi. Ta ce a nan aka binne shi. Bayan zamani mai tsawo mahara suka riƙa zuwa daga arewa cikin jiragen ruwa suna ƙone-ƙone da kisa, zama ya gagara. Da masu ibadar za su gudu sai suka tono akwatinsa, suka haɗa da kan sarki Oswald a ciki, suka saɓa suka shiga duniya da shi.

Yaya ta daɗe a gaban sassaƙen nan tana shafa kafaɗar ɗaya daga cikin mutanen. Sannan ta juyo ta dube ni, idonta yana ƙyalli. "Kin ji ko? Ba su bar nasu ba."

Na ce mu je mu ci abinci.

Kifi da soyayyen dankali aka kawo mana, ba gishiri ba barkono, sai da na zaro ƙullin yajina daga jaka sannan ya ciyu. Muna cikin ci muka ga mutane suna ta kwasar yara suna nufar wurin ajiye motoci. 'Yar kawuna ta duba hoton allon ta ce lokaci ya kusa. Na leƙa taga, sama garau, ko ɗigon hadari babu. To mu a wajenmu ruwa ba ya cin hanya sai an yi ruwan sama, sai ka ga hadari ya haɗu a gabas ka ji rugugi, sannan rafi ya kawo. Tekun Doha kuwa tun da nake ganinsa a bakin Corniche bai taɓa hawa titi ba. Na ce su Turawa komai sai sun sa masa agogo, mu gama cin abincinmu, ruwa ba jirgin sama ba ne. Yaya ta goyi bayana, 'yar kawuna ta ga manya biyu sun yi magana ta haƙura. Har shayi muka ƙara.

Wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Da muka iso bakin hanya babu hanya. Ba ambaliya, ba ƙara, ruwa ne kawai ya shimfiɗu lif a kan kwaltar yana tahowa a hankali, ɗan rumbun nan yana can tsaye a tsakiyar teku. Wani mai yawo da kare ya dube mu ya ce sai yamma, ya wuce abinsa. 'Yar kawuna tana da dutin yamma. Ta koma gefe tana ta kiran abokan aikinta tana roƙon wanda zai riƙe mata, kunya ta rufe ni. Mun zo mata baƙunta mun ja mata faɗan shugaba.

Awannin nan da muka yi a tsare su ne mafi tsawo a tafiyar. Ni da Yaya muka zauna a wani benci a bayan kangon, iska tana yankan kunne. Na ce yau ga ni ga ta, ba asibiti ba waya, in ban yi magana yanzu ba ba zan ƙara samun dama ba. Na fara da gwiwarta, na bi da hawan jini, na kawo zancen haihuwar da ke tafe. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce da tana da mutane irin na Cuthbert da tuni ta ɗauke shi sun tafi tare, amma tun da ba ta da su, zama kusa da shi ne abin da ya rage mata. Gajiya da sanyi da haushin kaina suka haɗu suka hau mini kai.

"Yaya, su shida ne, ke kuwa ke kaɗai ce. Kuma wanda ke ƙasa ba ya jin kewa, yarinyar da ke Jos ce ke ji."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta gyara mayafinta ta juya wa teku fuska. Na zauna ina jin kamar in haɗiye harshena. Haka muka yi ta kallon ruwa har ya gaji ya janye, kwalta ta fito a jiƙe da ciyawar teku a kanta, muka bi jerin motoci muka fita, muka koma Newcastle.

Washegari na tashi da niyyar mu huta, mu sayi tsaraba, in kuma ba Yaya haƙuri. Sai na tarar ta riga ta sa riga da takalmi. Ta ce matar cocin ta gaya mata a Durham aka ajiye akwatin daga ƙarshe, kuma ba nisa a jirgin ƙasa, tana so ta ga inda suka sauke shi. Raina bai so ba, amma bayan abin da na faɗa jiya ba ni da bakin musu.

Durham gari ne a kan tudu, kogi ya kusa zagaye shi, babban cocin yana can ƙololuwa. Hawan ya ci gwiwar Yaya, muna tafiya muna tsayawa tana dafa bango, ta ƙi yarda in riƙe ta. Cocin kuwa girmansa ya wuce misali, ginshiƙi ɗaya sai mutane da yawa sun haɗa hannu za su zagaye shi. Na ɗauka kabarin zai zama wani abin kallo na zinariya. Ashe dutse ne baƙi shimfiɗe a ƙasa a bayan bagade, da sunansa a rubuce, sai kyandira. Wata tsohuwa mai yi wa baƙi jagora ta ce da can an ƙawata shi da dukiya, wani sarki ya sa aka kwashe. Ta ce masu akwatin sun yi shekaru suna yawo da shi daga gari zuwa gari, suka zauna a wani wuri fiye da shekara ɗari, sannan aka sake ɗagawa aka kawo shi nan. Waɗanda suka tono shi daga tsibirin babu ko ɗaya da ya ga wannan tudu.

Yaya ta tambaye ta, da Turancinta na asibiti mai taushi, su waɗanda suka fara ɗaukar akwatin a ina aka binne su. Tsohuwar ta yi ɗan murmushin neman afuwa, ta ce gaskiya ba ta sani ba, wataƙila a wani wuri a kan hanya. Ta ce ba a cika yi mata wannan tambayar ba.

Yaya ta nemi kujera ta zauna. Ta daɗe tana kallon dutsen nan, ni ina tsaye a bayanta ina jiran ko me za ta ce. Da ta buɗe baki, da Hausa ta yi magana, kuma ba ni take kallo ba. "Su ma fa suna da iyaye. Wani ya yi ta jiransu a gida." Ni kuwa na koyi darasi, na kama bakina. Da za mu sauka daga tudun ita ce ta miƙo mini hannu.

Sauran kwanakin ba su da wani labari. Mun sayi cakulan da man zafi, na ba 'yar kawuna haƙuri har ta gaji da ji, na bar mata sauran yajina. A jirgin dawowa Yaya ba ta ɗauko zancen ba, ni ma ban taɓa ba, har na fara shirya yadda zan gaya wa 'yarta cewa na kasa. Muna fitowa daga filin jirgin Doha zafi ya rungume mu, gilashin idona ya yi hazo, na ji wani irin daɗi da ban zata ba. Washegari da sassafe ina bakin aiki, ƙafafuna a kumbure.

Ranar Juma'a bayan coci ta ce in raka ta. Muka ɗauki hanyar yamma, muka wuce Al Rayyan, gidaje suka ƙare sai fili fari fat. Na sha raka ta wurin nan, kullum nakan tsaya a inuwar ƙofa in bar ta. Ran nan ta ce in biyo ta. Ta durƙusa da ƙyar, ta share yashin da ya taru a kan kabarin da tafin hannunta, ta sunkuyar da kai har na ɗauka addu'a take. Sai na ji ta ce, "Baban yara, ba zan iya ɗaukarka ba, kuma ba zan iya zama ba. 'Yarka za ta haihu. Ka yi haƙuri." Ta yi kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar jana'iza, ni ma na taya ta. A hanyar dawowa barci ya kwashe ta a mota, baki buɗe, har Al Sadd.

Ta gaya wa asibiti ba za ta sabunta ba. 'Yarta ta kira ni tana ta sa mini albarka, na karɓa, ko da yake na san ba maganata ce ta yi aikin ba. Tawa ɓata rai kawai ta yi.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In an rubuta lokacin ruwa a allo, ku bi allon, ko da sama ta fi madubi haske. In kana da wanda baƙin ciki ya riƙe, nisa ba ya raba shi da shi, kuma gaskiyar da ka faɗa cikin fushi ba ta shiga. Mutum yakan sauke kayansa ne ranar da ya ga dama, a inda ya ga dama. Na kuma gane cewa duk tsawon lokacin nan da nake ƙulle-ƙullen yadda za ta koma gida, ban taɓa zama na tambayi kaina wa zai rage mini ba. Yanzu haka da nake rubutun nan tana zaune a ƙasa tana ɗaure kwalaye, tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, ta ware mini tukwane da bargon da ta ce ya yi mata nauyi. Ina taya ta murna da zuciya ɗaya, kuma raina a ɓace yake. Ɗazu ta ɗago ta ce in miƙo mata igiya, na miƙa mata, na shiga banɗaki na kunna famfo don kada ta ji ni.